Zaburar Mai Shuka da Jar Dawar Baƙonmu

A shekarar da na ajiye fataucin fata na dawo Bodinga da zama, wata ma'aikaciyar asibiti ta kama hayar gidan da ke jingine da namu. 'Yar ƙasar Zuru ce, Kirista, mai yawan gaisuwa. Ba a daɗe ba sai ga iyayenta sun iso a bayan motar kaya, da tabarmi da tukwane da akuya guda. Ba mu tambayi dalili ba, domin duk mai sauraren rediyo ya san abin da ke fitar da mutanen wancan yanki daga ƙauyukansu. Daga baya uban ya gaya mini da bakinsa cewa 'yan bindiga sun ƙone musu rumbuna, mutanen garin kuma sun watse, wasu Kontagora, wasu Birnin Kebbi, wasu har yau ba a san inda suka nufa ba.

Sa'ana ne, ko ya ɗan girme ni. A majami'arsu Dattijo suke ce masa, don muƙami ne a wurinsu, ni ma sai na bi su. Ƙanena kuwa, wanda ke riƙe da gonakin gidanmu tun ina yawon duniya, bai taɓa kiransa da komai ba sai Na-Zuru. Shi kuma ya rama da Sarkin Noma, sarautar da babu wanda ya taɓa naɗa ƙanen nawa, amma ya karɓe ta hannu biyu.

Duk ranin farko a kan dakalina Dattijo ya yi shi. Mutum ne da ya saba tashi da fartanya, ga shi an ajiye shi a gidan haya mai daɓen siminti. In muna hira sai in ga hannunsa yana tsintar tsakuwa yana jerawa, bai ma san yana yi ba. Wata safiya cikin bazara, zafi ya fara tun kafin rana ta ɗaga, ya zo rungume da wata gora da aka toshe bakinta da tsumma.

"Alhaji, aron ƙasa nake nema. Ba mai yawa ba."

Ya zare tsumman ya zuba mini a tafin hannu. Toka ce, a cikinta kuma ƙwayoyin dawa ja wur, manya, irin da ban taɓa gani a kasuwar Bodinga ko ta Shagari ba.

"Dawar gidanmu ce," in ji shi. "Ita kakana ya noma. Ranar da muka fito, matata ta ɗauki tukunyarta, ni na ɗauki wannan. Na tambayi duk wanda na samu a waya cikin mutanenmu, babu wanda ya fito da iri. Damina ɗaya ta riga ta wuce ta a cikin gora. In bana ma ta wuce, ban san ko za ta ƙara tsirowa ba."

Na aika aka kira ƙanena. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya hure tokar, ya kai baki zai gatsa yadda manoma ke yi, sai Dattijo ya riƙe masa hannu. Ƙanena ya yi dariya ya mayar da ita cikin gorar.

"Yi haƙuri, ban san ƙirga su kaka yi ba. Wagga dawa, yaushe taka nuna can wajenku?"

"Sai sanyi ya shigo sosai, bayan an gama da gyaɗa."

"To Na-Zuru, ka taho da aiki. Nan ruwa ba ya daɗewa kamar naku. Kahin ta hid da kai, sama ta bushe. In kana son ta samu kwanakinta, sai dai a yi mata binne."

Binne shi ne a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a rufe, a bar shi yana jira. Ranar da aka yi ruwan farko, a ranar zai fara aiki, kafin mai jiran laima ya ɗauko sungumi. Da gero muka saba yin haka a jigawarmu, dawa ba a cika yi mata ba. Dattijo ya dubi ƙanena kamar an ce ya jefa jikansa rijiya. Ya ce a wajensu ba a sa iri sai an tura hannu cikin ƙasa an ji sanyi har wuyan hannu. Ya lissafa tururuwa, da zabi, da yayyafin da zai tayar da iri sannan ya gudu ya bar shi da rana. Ƙanena ya ce duk gaskiya ne, kuma duk da haka haka munka gada. Sun yi ta ja har na sa baki na ce a raba gorar biyu, a binne rabi a ajiye rabi.

Aka binne rabin a gonarmu ta tudu, wajen Lambara. Abin da Dattijo ya ji tsoro kuwa shi ya faru. Aka yi wani ɗan ruwa da bai kai ya jiƙa rigar mutum ba sosai, dawa ta tsiro kore shar a jere, sannan sama ta washe ta ƙi komawa. Muka yi ta kallon gabas. Tsiron ya nannaɗe, ya yi fari, iska ta kwashe shi. Geron mutane da yawa ma ya tafi a wannan farin, amma mai gero yana da wani a rumbu ko a kasuwa. Ƙanena ya daina biyowa ta ƙofar gidana. In zai tafi masallaci sai ya zagaya ta bayan layi don kada su haɗu.

Ruwan gaske bai zo ba sai da damina ta yi nisa. Washegarinsa da sassafe ƙanena ya tsaya a ƙofar gidan hayar da sungumi a kafaɗa, ya yi sallama da ƙarfi.

"Na-Zuru! Hito da sauran."

Dattijo ya fito ba gorar. Ya ce lokaci ya ƙure, Sarkin Noma da kansa ya faɗa tun farko cewa ruwan nan ba ya daɗewa. Gara ya ajiye ta zuwa baɗi.

"Baɗi ka shuka toka? Ba tudu za mu ba. Danchadi za mu, bakin hwadama, inda nika zuba irin albasa. Can ƙasa na riƙe laima."

Na san abin da wannan magana ke nufi, ko da Dattijo bai sani ba a lokacin. A wannan ɗan fili ƙanena ke renon irin albasarsa tun ƙarshen damina, don ya riga mutane dasawa ya riga su kai wa kasuwa. In dawa na tsaye a wurin har sanyi, albasar farko ta wuce shi ke nan. Na dube shi, ya kawar da kai.

Na kai su a tsohuwar motata na zauna a gindin wata tsamiya. Ƙanena na gaba yana sara da sungumi, Dattijo na biye yana sakin ƙwayoyi a rami yana rufewa da diddige. Da suka matso kusa da ni sai na ji yana wani gunaguni, ba waƙa sosai ba, ba kuma magana ba, yana tafiya daidai da takunsa. Da ya juye gorar ya kakkaɓe ta, ya zo ya zauna, na ce masa, "Dattijo, me kake karantawa? Ko sirri ne?"

"Ba sirri ba ne, Alhaji. Zabura ce. Ta ɗari da ashirin da shida."

Ya faɗa mini abin da ke ciki a taƙaice. Waƙa ce 'yar gajeruwa ta mutanen da aka kwashe bayi zuwa wata ƙasa, Allah ya komo da su, suka rasa gane ko farke suke ko mafarki. Daga nan sai su roƙe shi ya komo da saura, yadda ruwa ke komowa busasshen kwari a hamada. A ƙarshe sai ta koma kan manomi da ya fita da iri yana kuka, da kuma ranar da zai dawo ɗauke da dammuna. Tun bai kai ƙarshe ba na gane ta. Na taɓa jin ta, a wurin da babu gona ko ɗaya.

A shekarun da nake kai jar fatar awakinmu Turai, akwai wani Bayahude a Landan da muka daɗe muna ciniki. Wata rana ya gayyace ni cin abincin rana a gidansa, ranar Asabar, wadda ita ce ranar hutunsu. Ba sa kunna wuta a ranar, don haka abincin tun Juma'a yake kan ɗumi, ya dahu har ya yi baƙi-baƙi, amma da daɗi. Da aka gama ci, kafin su yi addu'ar godiya ta bayan abinci, sai gaba ɗaya teburin ya ɗauki waƙa, uba da uwa da kaka, yara suna buga tebur da hannu. Ban iya Ibrananci ba, amma mai Larabci ba ya zama kurma a cikinsa. Na tsinci kalmar shuka, na tsinci ta hawaye, kusan yadda Larabawa ke faɗarsu. Na tambaye shi, ya fassara mini da Turanci. Na ce masa, "Kai da ba ka taɓa riƙe fartanya ba, ina kai ina dammuna?" Ya yi dariya har ya share ido. Ya ce kakansa ma tela ne. Sannan ya bayyana mini cewa a sauran ranaku akwai wata Zaburar da aka tanada wa wannan wuri, ta masu zaman makoki a bakin kogin ƙasar bauta, wadda mutane da yawa ke tsallakewa. Amma Asabar da ranakun idi da na biki ba a kawo baƙin ciki kan tebur, sai a ɗauko ta komowa gida.

Na sake jin ta a Kumasi, ta tagar masaukina a zango, ranar da wata majami'a ke bikin godiyar kaka, an cika ƙofarta da doya da ayaba har da tunkiya. A can da ganguna aka yi ta. Amma a bakin fadamar Danchadi ne kawai na ji ta a bakin mutumin da ya zuba irinsa na ƙarshe, ƙafarsa duk laka.

Ni Musulmi ne, kuma kowane yaron makarantar allo ya san annabin da Allah ya ba Zabura. Na taɓa tambayar wani abokina malamin allo a nan Bodinga game da wadda ke hannun Yahudu da Nasara. Ya ce mun yi imani an saukar da ita, abin da ke hannunsu yanzu kuwa ba ma gaskata shi duka, ba ma ƙaryata shi duka. Sai ya ƙara da cewa haƙƙin maƙwabci dai babu saɓani a kansa, kuma in dawar ta yi a ajiye masa zangarniya ɗaya ya gani.

Dawar ta tsiro, ko da ba kowane rami ba. Ta yi tsawo har ta wuce mutum a kan raƙumi, karanta kauri kamar rake. Masu wucewa suna tsayawa su yi kallo. Aka yanke gero, aka ɗaure, aka kai gida, ita tana nan kore, ko alamar kai babu. Sai da ruwa ya ɗauke sannan ta fara ciki. Ganyen ƙasa ya soma bushewa. Wata safiya sai ga ƙanena ya ɗora injin ban ruwa a bayan babur, ya je ya jona shi da rijiyar fadama, ya saki ruwa a gindin dawa.

Wannan ya ba mutanen Danchadi abin dariya na wata guda. Wani maƙwabcin gona ya ɗaga murya daga kan iyaka: "Sarkin Noma! Dawa da hetur? In ta nuna a kwalba za a sai da ita?" Ƙanena ya ce masa ya je ya ji da jakinsa da ke cin waken mutane. Wani ya ce a ɗaura mata gidan sauro ma mana, tunda 'yar gata ce. Wannan bai san bakinsa zai kama ba. Domin da ta fid da kai ta fara zuba ƙwaya, ita kaɗai ce hatsin da ya rage a tsaye a duk yankin, sai tsuntsayen ƙasar suka taru a kanta. Jan-baki ke sauka kamar hayaƙi. Dattijo ya koma wuni a gona da gwangwani da majajjawa, muryarsa ta dishe, amma in ya kore su gabas sai su sauka yamma. Matarsa ce, wadda ban taɓa jin ta ce uffan a kan dawar ba, ta bi gidajen unguwarmu tana karɓar tsofaffin gidajen sauro. Ta yayyanka su, ta ɗinka 'yan jakunkuna, suka bi zangarnun da suka fi kyau suna lanƙwaso kara suna ɗaure musu. Sauran aka bar wa tsuntsaye.

Ana cikin haka Lahadin godiyar kaka ta zo. Majami'ar da suke zuwa tana bayan garin Shagari, 'yar ƙarama mai rufin kwano, ta 'yan sanda da malaman asibiti da masu shagunan magani. Al'adarsu a ranar kowa ya shigo da wani abu daga amfanin gonarsa ya ajiye a gaba, kuma faston ya roƙi Dattijo, tunda shi ne babba, ya ja karatun Zaburar. Dawarsa kuwa ko tauri ba ta gama yi ba. Na ce zan kai su. Da muka isa na buɗe bayan mota don matar ta ɗauki jakarta, sai ga damin gero a kwance. Ƙanena ya saka shi ban sani ba.

Dattijo ya dubi damin. Ya ce, "Allah ya saka wa Sarkin Noma. Amma ba zan shiga da abin da ban shuka ba in tsaya kamar nawa ne."

Matar ta gyara ɗaurin zaninta. "Kai ka sani. Ni tun da muka zo garin nan geron mutanen nan nake tuƙawa, kuma shi zan gode wa Allah a kai. Alhaji, taya ni." Na ɗora mata a ka, ta shige cikin layin mata masu rawa da kayansu. Shi ya bi baya da littafinsa kawai.

Na zauna a inuwar darbejiya daga waje, tagogi a buɗe. Ba kamar gidan Bayahuden nan ba inda kowa ke rerawa tare, su karɓa-karɓa suke yi da Hausa: mai ja ya karanta aya ɗaya, jama'a su amsa da ta gaba. Muryarsa a dishe take saboda korar tsuntsaye, sai na matsa kusa kafin na ji. Ya karanta tasa, suka amsa, ya karanta, suka amsa. Ta ƙarshe, ta mai dawowa da dammuna, a bakin jama'a ta faɗa, suka ɗauke ta da ƙarfi har da yara.

Muka kama hanyar komawa Bodinga har muka wuce Lambara. Sannan Dattijo ya ce, "Ka san mako guda ina jin tsoron ayar nan ta ƙarshe? Ina ta tunanin yadda zan faɗe ta hannu wofi a gaban mutane. Shekara da shekaru ina jan karatun nan a gida, amma na manta ba a bakina take faɗawa ba."

Matar ta ce daga baya, "Da ka tambaye ni ai da na gaya maka ka yi barcinka."

Sanyi ya shigo sosai kafin a yanke ta. Abin da ya tsira bai kai dami ba, runguma guda ce mai kyau, amma zangarnun da suka kwana cikin gidan sauro sun cika, sun yi nauyi, ja kamar gauta. Dattijo bai yarda a sussuke ba. Ya shimfiɗa su a tsakar gida ya zauna yana rabawa: waɗannan na baɗi, waɗannan a ba direban da ke zuwa Kontagora ya kai wa ɗan wansa, waɗannan Birnin Kebbi, ɗaya ta malamin allo, waɗannan kuma a rataye a ɗakin girkin Sarkin Noma inda hayaƙi ke bugu, don kada iri ya sake zama a hannun mutum ɗaya. Na abinci kuwa bai ware ko ɗaya ba.

Bayan kwana biyu, da hantsi, muna zaune a dakali mu uku, ni da Dattijo da ƙanena, sai ga matar da ƙwarya a rufe da faifai. Ta ajiye ta buɗe. Kunu ne, ja-ja, yana tururi. Dattijo ya duba, ya sake dubawa, ya miƙe tsaye.

"Daga ina kika ɗiba?"

"Daga na baɗi. Biyu kawai, ƙanana. Ni na ɗinka musu riga, ba zan ɗanɗana ba?"

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ƙamshin ya kai masa. Ya koma ya zauna a hankali. Ta miƙa masa ludayi, ya kurɓa, ya riƙe a baki bai haɗiye da wuri ba, idonsa na kan titi. Can ya miƙa wa ƙanena.

Ƙanena ya sha, ya tauna ɗan gayan da ke ciki, ya ɓata fuska.

"Kan wanga abu na rasa albasata? Har da ɗaci-ɗaci garai."

"Bakinka ne bai saba ba," in ji Dattijo.

"To ƙaro in gani ko shi saba." Ya sake cika ludayin da kansa. "Baɗi tun ruwan hwari za mu sa ta hwadama, ba tudu ba. Kuma kai ka sayen hetur."

Dattijo ya ce sai dai su raba. Ƙwaryar na zuwa wurina saura kaɗan a gindi, na ɗaga na shanye.